Hoton da Ke Ɗauke da Sunan Baba Haruna

Sai da na kwana uku a Jidda sannan na san aikin da ya kawo ni. A takardar da ejan ya ba ni a Kano an rubuta mai ɗaukar hoton asibiti, kuma bai yi ƙarya ba, shi na karanta, shi na shekara shida ina yi a gida. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne hoton wa zan riƙa ɗauka.

Mutumin da ya tare ni a filin jirgi ya karɓi fasfona tun muna cikin mota, ya ce kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zuwana, zai riƙe har iƙama, takardar izinin zama, ta fito. Ya sauke ni a unguwar Bani Malik, a wani ɗaki a hawa na uku inda na zama cikon na shida. Akwai 'yan Bangaladash uku, ɗan Masar ɗaya, da wani ɗan Habasha da ba ya magana da kowa. Na'urar sanyaya ɗakin tana ƙara kamar injin niƙa, sanyin kuwa sai wanda ke ƙarƙashinta yake ji. Lambar ejan tun daga ranar ba ta sake shiga ba, har yau ɗin nan da nake wannan rubutu.

Ran na huɗu direba ya ɗauke ni zuwa arewacin gari, ya tsaya gaban wani gini mai gilashi fes. Na gyara kwalar rigata na shiga. Warin wurin ne ya fara ba ni mamaki, don na san warin asibiti, wannan kuwa akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Kafin in gama tunani sai na ji haushin kare daga ciki, wani ya amsa masa, wani ma ya amsa. Wata mata ta wuce ni da mage a kwando.

Ni mutum ne mai saurin fushi, Inna ta sha faɗa mini zuciyar nan ce za ta wahalar da ni. Na tarar da shugabar sashen, Duktura Amal, wata 'yar Sudan gajeriya mai tabarau, na ce mata an yi kuskure, ni mutane nake wa hoto. Ta duba takarduna a natse ta ce babu kuskure, su suka nemi wanda ya iya na'urar MRI, aka kawo musu ni. Na ɗaga murya da Turancina da guntun Larabcin allo. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in biyo ta. Ta buɗe wata ƙofa mai nauyi ta nuna mini na'urar, sabuwa dal, irin wadda a hoton littafi kawai na taɓa gani. A inda na baro, mutum kan yi makonni yana jiran layi, in ya yi sa'a wuta ba ta ɗauke ba. Ga ta nan an ajiye wa karnuka. Takaici ya cika ni, amma hannuna ya riga ya kai kan maɓallanta.

Ban tafi ba. Fasfona yana hannun wani, wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma, Inna ta riga ta shaida wa duk layinmu a Funtuwa cewa Sa'idu ya samu aikin asibiti kusa da Makka, har da masu aiko mata saƙon addu'a in kai musu Ka'aba. Da wane baki zan ce mata karnuka nake kwantarwa ina ɗaukar hoton kawunansu? Na san abin da malamanmu suka karantar da mu game da kare, na san ba haramun nake yi ba. Amma abin da ke cikin littafi daban, yadda mutane za su dube ka daban. Na yi shiru da bakina, duk sanda ta kira sai in ce aiki lafiya lau.

Aikin kansa bai ba ni wuya ba. Bambancin kawai shi ne mutum za ka ce masa kada ka motsa, kare kuwa sai an yi masa allurar barci an sa masa bututun numfashi. Yawancin waɗanda ake kawo mana tsofaffin karnuka ne da suka fara farfaɗiya da girma, ko suka riƙa zagaye wuri ɗaya, ko suka dafa kai da bango suka tsaya. Duktura Amal ta koya mini yadda ƙwaƙwalwar kare take, ƙarama, a can baya, kewaye da tsoka mai kauri. Ta koya mini in fara ɗauka haka nan, sannan a ɗura ruwan allurar da ke haska ƙari in sake ɗauka. Wata uku na yi ina sa safar hannu biyu ina riƙe numfashi. Daga baya na rage guda, don safa biyu ba ta barin ka ji ko kan ya daidaita.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ranar Juma'a, da babu aiki. Sai in fita in yi ta tafiya ba inda na nufa, ina kewar abubuwan da ban taɓa sanin ina so ba: ƙarar turmi da safe, warin ƙasa in an yi ruwan fari, har da maƙwabcinmu mai rediyon da ba ya kashewa. A irin wannan yawo na faɗa unguwar Hindawiyya, na ji wata tsohuwa tana yi wa mai kayan miya tsiya da Hausa, rabinta Larabci. Na tsaya kamar wawa ina sauraro har ta gama. La'asar ta riske ni a wani ƙaramin masallaci, bayan salla na zauna ina karatu a hankali da irin ƙira'armu ta gida. Ban lura ba ashe wani dattijo ya matso ya zauna kusa da ni. Da na kai aya sai ya ce, “Kada ka tsaya, ya waladi, ɗana. Karatun babana ke nan. Tun da ya rasu ban ƙara jin shi haka ba.”

Shi ne Baba Haruna. A Jidda aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba. Mahaifinsa mutumin wajen Haɗeja ne, ya taho hajji a ƙasa ta Sudan, ya shekara bakwai a hanya, da ya iso kuma bai koma ba. Baba Haruna dogo ne, baƙi, mai farin gemu, yana da garken tumaki a wani haush, wato shinge, can kudu bayan gari, yana sayar wa masu layya da masu suna. Ranar bai bar ni na tafi ba sai da ya ja ni gidansa. Matarsa, Hajiya Zainaba, ta aiko da tuwo da miyar kuka, kukar da alhazai ke kawo musu tsaraba. Na kai loma ɗaya hawaye suka zubo mini, na ce yaji ne. Ya yi kamar ya yarda. Kafin wata ya ƙare na kwaso jakata daga Bani Malik na tare a ɗakin ɗansa da ya koma Riyad.

Shekarun da na yi a gidan nan su ne mafi daɗi a duk zamana na waje. Kwano ɗaya muke ci ni da shi. Da safe ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, da rana kowa na wurin aikinsa, da magariba mu haɗu a soron gidan, ya tura ni gaba in ja salla, shi da ya haife ni ya yi jika da ni. Bayan salla sai shayi da tambayoyi. Wai da gaske ne ana kwana biyu ana ruwa bai ɗauke ba? Wai har yanzu ana kama kifi da hannu in kogi ya janye? Babansa ya ce akwai wata kuka a bakin garinsu da mutum goma ba sa iya kewaye ta, ko tana nan? Ni da ban taɓa zuwa Haɗeja ba sai in ce tana nan, Baba. Yakan ce in Allah ya yarda tare za mu je. 'Yarsa Su'ad takan yi masa dariya daga ciki ta ce, “Baba, kai da ko Ɗa'if ka je sai ka ce ka yi kewar tumaki.”

Da ya tambaye ni inda nake aiki na ce mustashfa ce, wato asibiti, a arewacin gari, sashen hoto. Na so in ƙarasa, amma a makon farko na ji abin da ya rufe mini baki. Wani maƙwabci ne ya kawo labarin masu kuɗin da ke yawo da karnuka a mota, Baba Haruna ya ajiye kofin shayi ya yi ta faɗa. “Kalb a kan kujera, ya jama'a. Ana masa wanka da shamfu, ana kai shi wurin duktur kamar ɗan mutum. Su masu shi khalas, hankalinsu ya tafi. Ni waɗanda ke ɗaukar albashi suna goge wa kare baki nake mamaki, da wane hannu suke cin abinci?” Hannuna yana cikin kwanonsa a lokacin.

Daga ranar na zama ɓarawon kaina. Ina da kaya biyu, na aiki ba sa barin wurin aiki. Kafin in fito sai na yi wanka, in bi wandona da salatif ina cire gashi, in fesa turare har direban bas ya riƙa buɗe taga. Duk sanda ya tura ni gaba a salla sai gabana ya faɗi, ina tunanin ranar da zai sani. Ba korar nake tsoro ba, ɗaki ana samu a Jidda. Tsorona shi ne ya janye hannunsa daga kwanon, ya daina ce mini ya waladi. Ba ni da kowa a ƙasar nan sai shi.

Haka muka shekara biyu. Sai wata Talata da hantsi, na fito daga ɗakin na'ura rungume da wata 'yar farar karya da ba ta gama farfaɗowa daga allura ba, a naɗe cikin tawul, zan miƙa wa uwar ɗakinta. Ina ɗaga kai na ga Baba Haruna tsaye a wurin karɓar baƙi. Farar jallabiyarsa duk ƙasa da gashi. Hannunsa na dama, wanda ya yi mako biyu a ɗaure yana ce mana waya ce ta yanke shi, yana riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar wani ƙaton baƙin kare ne, tsoho, bakinsa ya yi furfura, yana ta juyawa hagu yana naɗe igiyar a ƙafafun Baba.

Muka dubi juna. Na rasa inda zan sa karyar da ke hannuna. Shi ya fara magana, da Larabci zalla, kamar bai taɓa ganina ba.

“Assalamu alaikum, ya ustaz. Ina ake ganin duktur?”

Na amsa masa da Larabci, na nuna masa ƙofa.

A gaban Duktura Amal ya ce karen na mai haush ɗin ne, shi aiko shi aka yi. Ta fara tambayoyi, ni ina tsaye a gefe da takarda. Yaushe ya fara? Wata biyu da kwana tara, ranar wata Lahadi, ya faɗi yana shure-shure bakinsa na kumfa. Sau nawa tun daga nan? Sau shida. Kullum hagu yake juyawa? Kullum. Yana ci? Ya daina cin ƙashi, sai an jiƙa masa burodi da romo, kuma ba ya son mai zafi. An yi masa allurar hauka? Duk shekara, ga katin. Duktura ta dube shi ta saman tabarau. Ɗan aike ba ya sanin kare ba ya son romo mai zafi.

Ta tambaye shi abin da ya sami hannunsa. Ya ce karen ne. Ya je zai ɗaga shi da safe ya juyo ya cafke shi. Makiyayan da ke maƙwabtaka da shi sun ce hauka ne, sun ba shi zuwa Alhamis, ko ya kashe shi ko su harbe shi da kansu saboda dabbobinsu. Duktura ta ce karen da ya haukace ba ya kai wata biyu da rai, kwanaki kaɗan yake yi. Ta kai hannu kusa da idon karen na hagu, ya ƙifta. Ta kai na dama, ko gezau. Ta ce tana zargin wani abu a cikin kansa, sai an yi hoto, kuma tunda tsoho ne mai yiwuwa ne ya ƙi farkawa daga allurar barci. Don haka dole mai shi ya sa hannu. Ta tura masa waya ta ce ya kira maigidan.

Baba Haruna ya daɗe yana kallon wayar. Ni kuma ina kallon ƙasa.

“Rubuta sunana,” ya ce.

“Sunan karen fa?”

“Ba shi da suna. Kare ne.”

Aka rubuta sunan Baba shi kaɗai a takardar. Da aka zo sa allura karen ya ƙi, yana gurnani yana neman hannun ma'aikaciyar jinya. Sai Baba ya durƙusa a kan tayil, da jallabiyarsa da gemunsa, ya rungumo kan karen ya sa baki a kunnensa. A hankali ya yi maganar, amma ina kusa. “Duna, kwanta. Ni ne. Kwanta, ɗan albarka, ba abin da za su yi maka.” Karen ya saki jiki. Ashe Hausa kawai yake ji. A gidan Baba jikokinsa ma da Larabci suke ba shi amsa, amma can bayan gari akwai wanda ya shekara goma sha ɗaya yana sauraron Hausarsa.

Ban taɓa ɗaukar hoto da kulawa irin ta ranar ba. Na kwantar da Duna rub da ciki, na toshe masa kunnuwa da auduga saboda ƙarar na'ura, na daidaita kansa har sau uku. Hotunan farko suka fara fitowa yanka-yanka, daga goshi zuwa ƙeya. Tun a nan na ga ɓangaren hagu ya kumbura, ya ture layin tsakiya zuwa dama. Aka ɗura ruwan allura na sake ɗauka. Sai ga shi ya fito fari tas, kamar ƙwallon dabino, a manne da fatar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa, can sama ta hagu. Duktura Amal ta ce ƙari ne, irin wanda muka saba gani a tsofaffin karnuka. Ta zagaye shi da alƙalami a hoton da na buga, sannan ta miƙo mini.

“Kai za ka yi masa bayani,” ta ce. “Da yaren da ya yi wa karen magana. Shi nake ji kana yi da mahaifiyarka a waya.”

Na sami Baba a kan benci a waje, tsakanin wata mata mai aku da wani saurayi mai zomo. Na zauna gefensa na ɗaga hoton wajen haske. Na yi masa Hausa.

“Baba, ka ga wannan farin? Ƙari ne ya tsiro masa a ƙwaƙwalwa. Shi ke sa shi faɗuwa, shi ke sa shi juyawa hagu. Ba hauka ba ne.”

Bai dube ni ba, hoton yake kallo.

“Ranar da ya cije ka, ta wane gefe ka zo masa?”

Ya yi tunani. “Ta damansa.”

“Ba ya gani ta nan yanzu. Ƙarin yana hagu, shi ya kashe masa ganin dama. Ya ji an taɓa shi ne kawai, bai san kai ne ba.”

“Bai gan ni ba,” ya ce. Ya sake maimaitawa. Sannan ya sa gefen rawaninsa ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa. Mai akun ta kawar da kai. Mako biyu ke nan yana ɗauke da wannan a ransa shi kaɗai, yana zaton karen da ya raina ya juya masa baya.

Duna ya farka. Duktura ta ce tiyata a shekarunsa wahalar da shi ce kawai. Ta rubuta maganin rage kumburi da na tsayar da farfaɗiya, ta ce watanni ne, ba ta san ko nawa ba. Ta kuma rubuta takarda da hatimi a nuna wa makiyayan cewa ba hauka ba ne. Baba ya nemi hoton, ya naɗe shi ya sa a ƙarƙashin hammata. Na taya shi ɗora karen a bayan tsohuwar motarsa ta ɗaukar tumaki. Ya tayar ya tafi, ko kallona bai yi ba.

Ranar bai dawo gida ba. Ya aiko wa Hajiya cewa wata tunkiya ce za ta haihu, zai kwana a haush. Laraba ma haka, Alhamis ma haka. Hajiya ta riƙa aiko mini abinci ina ci ni kaɗai a soro, in yi salla ni kaɗai. Na ce a raina shi ke nan, dattijo ne, ba zai kore ni da baki ba, yana ba ni lokaci ne in kama gabana. Na yi fushi ma, na ce ai shi ma da nasa, don me ni kaɗai zan ji kunya? Fushin bai daɗe ba. Na ninke kayana a jaka, na kira ɗan Masar ɗin nan na Bani Malik na tambaye shi ko gadona na nan.

Juma'a da sassafe na ji hon a ƙofar gida. Na leƙa, ya ce, “Yalla, shigo.” Muka bi ta Madain Fahd muka fita gari. Haush ɗin fili ne da aka kewaye da langa-langa, da rumfa, da tankin ruwa, da tumaki wajen sittin. Duna yana kwance a ƙarƙashin rumfar a kan wani tsohon bargo da na san shi a ɗakin Baba. Baba ya miƙo mini ledar magani ya ce rubutun ƙanana ne ba ya gani, kuma duk ƙwayar da ya sa masa a burodi sai ya cinye burodin ya tofar da ita. Na durƙusa ta hagun karen, na buɗe bakinsa da hannuna, ba safa, na tura ƙwayar can ciki na shafa masa maƙogwaro har ya haɗiye. Baba yana tsaye yana kallo.

“Tun yaushe kake wannan shugul ɗin, aikin karnuka?”

“Tun ranar da na zo ƙasar nan, Baba.”

“Me ya hana ka faɗa mini?”

“Maganar da ka yi a kan masu goge wa kare baki.”

Ya zauna a kan wani bokiti da aka kife. “Kai ka ji tsoron bakina. Wallahi ni ma bakin nawa nake tsoro. Kwana uku ina nan ina neman fuskar da zan dube ka da ita.” Ya ce a kwali ya tsinci Duna a bakin hanya, idonsa ma bai buɗe ba, ya ce bari ya raine shi ya yi gadin tumaki, ai wannan babu laifi. Bai san lokacin da abin ya wuce gadi ba. Duk sanda ya ji ana maganar masu kare sai ya fi kowa zafi, don kada a gane shi. “Hajiya ba ta sani ba. Yara ba su sani ba. Ka rufa mini asiri, ya waladi.”

“Inna ma ba ta san nawa ba.”

“Ɗayyib. Mun zama biyu.”

Muka koma gari muka yi Juma'a. Da magariba ya tura ni gaba kamar kullum, na yi kabbara.

Wata biyar Duna ya ƙara. Kumburin ya sauka, ya daina juyawa, har ya koma bin tumaki a hankali yana jan ƙafa. Duk Juma'a tare muke zuwa, mu ce wa Hajiya za mu duba dabbobi. Baba ya koyi zuwa masa ta hagu yana kiran sunansa tun daga nesa. Daga baya farfaɗiyar ta dawo, maganin ya daina riƙe ta. Wata safiya muka tarar da shi ba ya iya tashi, ya ɗora haɓa a kan ƙafar Baba, kafin rana ta yi zafi ya cika. Muka haƙa rami a bayan langa-langar, ƙasar tana da tauri, muna karɓa-karɓa da shebur ɗaya. Baba ya naɗe shi a bargon nan ya sa shi da hannunsa.

Na cika shekara huɗu na dawo gida. Haɗejar da muka ce za mu je tare ba mu je ba. Yanzu mutane nake wa hoto, kuma duk wanda ya ce hannuna yana da sauƙi sai in yi murmushi kawai, don ban taɓa gaya wa kowa inda na koya ba. Bara aka kira ni aka ce Baba Haruna ya rasu, ya kwanta bayan azahar bai tashi ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Bayan sadakar arba'in, wata ranar Asabar da la'asar, ina zaune a tsakar gida wurin Inna tana tsince wake a faifai, sai ga kiran Su'ad. Inna ta ce in buɗe murya ta yi mata gaisuwa. Suka gaisa, sannan Su'ad ta ce tana da tambaya, muryarta ta canja.

“Yaya Sa'idu, mun buɗe shantar Baba, akwatinsa. A ƙarƙashin takardun kakanmu mun sami hoton ashi'a, irin na asibiti, na kai. Sunan Baba ne a jiki, kwanan watan kuma lokacin kana gidanmu. An zagaye wani farin abu da alƙalami.” Ta fashe da kuka. “Ashe yana da waram, ƙari, a kansa duk shekarun nan, muna barinsa yana tuƙi yana ɗaukar buhu? Kai ka ɗauka, ko? Ka sani ka ɓoye mana? Mama ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, tana cewa ta zauna da mutum ba ta san yana ciwo ba.”

Na tuna hoton sarai. Yankan tsakiyar kai ne kawai, babu hanci babu baki, sunan asibitin kuma harufa uku ne na Turanci. Duk wanda ba aikinsa ba ne zai ɗauka kan mutum ne. Na dubi Inna, ta daina tsince waken tana kallona. Na yi wa Baba alkawari, amma ba don matarsa ta kwana da yunwa a kan ciwon da bai taɓa yi ba.

“Su'ad, kai wa Hajiya wayar ta ji. Ba kan Baba ba ne, lafiyarsa ƙalau. Kan karensa ne, sunansa Duna. Ni na ɗauki hoton, don a asibitin dabbobi na yi aiki duk zamana a Jidda.”

Na ba su labarin tun daga igiyar har ramin, ban rage komai ba. Sai na ji muryar Hajiya Zainaba, a dishe. “Bargon nan na shekara ina nemansa,” ta ce. Ta yi wata 'yar dariya da ta koma kuka, sannan na ji tana ce wa Su'ad ta ɗumamo mata shayi.

Da na ajiye wayar ban iya ɗaga kai ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu, amma na zauna a gaban Inna kamar wanda ya fasa tulu. Ta dube ni ta ce:

“Ramin nan, kai ka taya shi haƙawa?”

“Ni ne, Inna.”

“To, Allah ya yi maka albarka. Bai kamata a bar tsoho ya yi haƙa shi kaɗai ba.”

Ta turo mini faifan ta ce in taya ta, idonta ba ya ganin tsakuwa sosai yanzu. Na matso muka ci gaba da tsince waken.